Ƙafafun Inna kafin Hajjin 2025

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

An ajiye wa Inna kuɗin kujerar Makka, mu 'ya'yanta muka yi karo-karo, rakiya kuma ni aka ɗora wa. Shekararta 72. Tana da hawan jini, kullum sai ta sha magani, gwiwarta ta dama ta daɗe tana damunta, sallar farilla ma a kujera take yi. Ido da kunne ƙalau. Baki kuwa sai dai mu ce masha Allah. Zan riƙa rubuta abin da muke yi a nan don Yaya da ke Kaduna da sauran ƙannena su san inda aka kwana, kada ranar tashi wani ya ce ba a gaya masa ba.

Lissafin da na yi shi ne wannan. Tamattu'i mutanenmu suka fi yi, wato ɗawafi da sa'ayi na Umra, sannan ɗawafin ifala da wani sa'ayin, sannan ɗawafin bankwana. Sa'ayi ɗaya, kai da kawo sau bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya tasam ma kilomita uku. Ɗawafi in an samu shiga kusa da Ka'aba da sauƙi, in kuwa cunkoso ya kora mutum saman bene, nisan ya ninka. Ban sa tafiyar masauki zuwa Harami ba, ban sa ta Mina zuwa wurin jifa ba. Matar da za ta yi wannan duka, a yau tafiyarta mafi nisa ita ce daga ɗakinta zuwa zaure.

Ga kuma zafi. A Hajjin 2024 ma'auni ya kai 51.8 a Makka, kuma ministan lafiyar Saudiyya ya ce mutum 1,301 suka rasu, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin Hajji, suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Arfar 2025 a farkon Yuni za ta faɗo. Muna da wata bakwai.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Mun ga likitanta, ya auna jini, ya saurari zuciya, ya ce ba abin da zai hana ta motsa jiki, ya tura mu sashen gashi, wato fisiyo, inda ake gyaran gaɓɓai da motsa jiki. Likitar fisiyon da muka samu yarinya ce, sa'ar autarmu, Inna tana ta kallonta da gefen ido. Ba ta taɓa gwiwar ba ma tukuna. Kujerar katako ta jingina da bango, ta ce Inna ta zauna, ta rungume hannu a ƙirji, ta tashi ta zauna iya yadda za ta iya cikin daƙiƙa 30. Sau 5 ta tashi, na biyar ɗin ma da hannu ya kai kan cinya. A ma'aunin cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, mace mai shekara 70 zuwa 74 da ta gaza sau 10 tana cikin haɗarin faɗuwa.

Na zo da tunanin tattaki kawai za a ce mu yi. Likitar ta ce tattaki rabin aiki ne. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga wanda ya kai 65 kashi uku ce: motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da atisayen riƙe tsayuwa don kada a faɗi, kwana uku ko fiye. Ta rubuta mana a takarda: tashi-zauna a kujera, ɗaga dunduniya a riƙe da bango, miƙe ƙafa daga zaune a riƙe a sauke a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin dafawa. Ƙa'idar ciwo kuma: in gwiwa ta ɗan yi tsami ta lafa kafin washegari, a ci gaba, in ta kumbura ko ciwon ya kwana ya wuni, a rage. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa, a tsaya nan take a nemi asibiti.

A hanyar dawowa Inna ta ce, "To ita wannan 'yar, tashi daga kujera ta je jami'a ta karanto?"

Asabar, 30 ga Nuwamba

Wannan makon ban sa ta komai ba sai tashi-zauna safe da yamma. Zama na yi a tsakar gida ina kallon yadda wuninta yake tafiya, kuma abin da na gani ya fi gwiwar tayar mini da hankali.

Ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, jika ya riga ta. Ta ɗauki tsintsiya za ta share ƙofar ɗakinta, matar ƙanena ta taso da gudu, "Haba Inna, muna nan za ki yi shara?" Abinci har gaban katifa. Ruwan wanka a kai mata, a dawo a ɗauko bokitin. Waya ta yi ƙara a kan taga, taku huɗu, a miƙo mata. Da yamma ta ce za ta leƙa maƙwabta barka, gida na uku, aka kira adaidaita sahu. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan ladabi ya yi, kuma da bai yi ba unguwa za ta zage shi. Amma a haɗa su duka a yi shekara goma ana yi, sai a wayi gari an zaunar da mace mai lafiya. Wannan matar ce fa ta yi daka da surfe da jan ruwa a rijiya har ta aurar da mu. Ba ranar da ta ce ta gaji da aiki; ɗaya bayan ɗaya aka zare mata su daga hannu da sunan hutu. Tsoka tana fara raguwa tun mutum yana shekara talatin da 'yan kai, bayan sittin ragin ya ƙara sauri, kuma wadda ba a mora ita take fara tafiya. Gwiwa mai amosani cinya ce take tallafe ta. Cinya ta saki, gwiwa ta ƙara ciwo, ciwo ya ƙara zama, zama ya ƙara sakin cinya. Mu kuma muna gefe muna cewa tsufa ne.

Na tara mutanen gida bayan isha'i. Ba abu ne mai sauƙin faɗa ba, don surukar nan tamu tsakani da Allah take yi, kuma tsoronta gaskiya ne: baƙuwa ta shigo ta ga uwar miji da tsintsiya, labarin ya gama dangi kafin magariba. Muka daidaita a kan cewa Inna ce za ta zaɓi aikin da take so a bar mata. Ta zaɓi sharar ɗakinta, cika butarta, tsince shinkafa da wake, da ba wa tumakinta dusa. Wanki da ɗaukar bokiti suna nan a hannun yara. In baƙi suka zo, ita da bakinta za ta ce likita ne ya sa ta. Ta ce wannan ba sai an koya mata ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Fita waje ta ƙi yiwuwa da farko. "In fita in je ina? Ni mahaukaciya ce da zan yi ta zagaye unguwa ba gaira ba dalili?" Ban ga laifinta ba. Tsoho namiji yana da masallaci sau biyar, yana da majalisa, yana da jana'iza da ɗaurin aure, ƙafarsa ba ta zama. Tsohuwa kuwa in ba biki ko rasuwa ba, ina za ta? Don haka kowace fita sai da muka nemo mata dalili: dubiyar wata ƙawarta da ta karye, gaishe da Goggo a bayan makarantar firamare, Islamiyyar iyaye mata da ta daina zuwa tun bara.

Ranar farko ba mu kai bakin titi ba wani mai adaidaita ɗan unguwa ya ci birki. "Inna, shigo in kai ki, wallahi ba sai kin biya ba." Ya juyo ya yi mini wani kallo, irin na ga ƙato da albashi ya bar uwarsa tana taka ƙasa. Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, Makka nake koyo." Yanzu duk layin sun sani, in ta wuce sai ka ji "Hajiya, a sa mu a addu'a."

Ma'aunin sauri da aka ba mu mai sauƙi ne: mutum ya iya magana yana tafiya, amma rera waƙa ta gagare shi. Ita ba waƙa take ba, carbi take ja. In na ji istigfarin ya fara yankewa, sai in rage tafiya ba tare da na ce komai ba. Matsalar ziyara ɗaya ce, tafiyar minti goma, zaman awa biyu, ga lemo ga cincin.

Lahadi, 29 ga Disamba

Hunturu ya kankama, hazo har ba a ganin ƙarshen layi da safe. Mun mayar da fita hantsi, da takunkumi. Dunduniyarta ta yi faso, ana shafa man kaɗanya da daddare a sa safa. Na sayo mata kambas mai laushi, ta juya shi sama da ƙasa ta ce na 'yan bautar ƙasa ne. Yana ƙarƙashin gado. Silifas ɗin da take so kuwa ƙasansa ya suɗe, kuma shi ne irin takalmin da yake kayar da tsofaffi.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Zazzaɓi ya kwantar da ita, aka gwada aka ce maleriya, ga mura a kai. Ta sha magani ta warke, alhamdu lillahi, amma mako guda da ɗoriya ba ta sauko daga katifa ba sai don alwala. Da ta tashi, kujerar da ta fara sabawa da ita ta koma mata sabuwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 a gado, suka rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa. Lafiyarsu ƙalau fa, kwanciyar ce kawai. Likitar ta ce ko a cikin jinya, da zarar zazzaɓi ya sauka, a zaunar da ita bakin gado, ta motsa idon sawu, ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Ta kuma ja kunnenmu a kan tashi farat ɗaya daga kwance, don mai shan maganin hawan jini jiri yana iya ɗibarsa. A zauna minti ɗaya tukuna.

Mun koma baya, mun fara daga inda muka fara a Nuwamba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Hukumar alhazai ta ƙasa ta sanar da kuɗin kujera, sama da naira miliyan 8. Mun cika. A wurin biyan na ga tsofaffi da yawa, wasu sai an riƙe su suke hawa matakala uku na ƙofar banki. Iyali za su sayar da gona su tara miliyan takwas, a ɗinka kaya, a sayi jaka, a yi walima, amma ba wanda zai tambayi ko ƙafar da za ta yi aikin ta shirya.

Dawowar ta fi farawar sauri, wannan ya ba ni mamaki. Abin da ya ɗauke mu wata guda a baya, yanzu mako biyu ya isa. Na duba cin abincinta kuma: koko da safe, shayi da burodi, tuwo da dare, naman miya ta tsame ta ba jikoki. Tsoka ba ta ginuwa da koko. An ƙara mata ƙosai ko alala da safe, dafaffen ƙwai, nono a fura, awara in an samu, da kwaɗon zogale da ƙuli wanda dama tana so. Naman kuma na ce a riƙa ba yaran nasu a gabanta, don ta rasa hujja.

Ƙidayar tashi-zauna ta koma hannun 'yar ƙanena mai shekara tara, wadda Inna take kira kishiya. "Tsohuwa, saura uku, in kin kasa mijin nawa ne ni kaɗai." Inna ta ce, "Ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa?" ta tashi sau huɗu. Abin da ni ba zan iya faɗa mata ba, jika tana faɗa a yi dariya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Aiki mafi wuya shi ne tashi daga ƙasa, kuma ba makawa sai an koye shi. A Mina katifa a ƙasa take, a Muzdalifa tabarma ce a fili, banɗakunan kuma yawanci na tsuguno ne. Ko ba Makka ma, tsohon da ya faɗi shi kaɗai a ɗaki, iya tashi shi ne bambancin ya miƙe ya kira mutane ko ya kwana a siminti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 suke mutuwa duk shekara ta dalilin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 suka fi yawa a ciki.

Likitar ta koya mana daga ƙarshe zuwa farko. Aka shimfiɗa darduma biyu, aka sa matashi a ƙarƙashin gwiwar dama. Matakin farko, Inna tana durƙushe gaban kujera, hannu biyu a kan mazauni, ta jawo ƙafar hagu mai ƙarfi ta dasa tafin a ƙasa, ta tura da hannu da ƙafa, ta juya ta zauna. Sai da wannan ya zauna sannan aka ƙara rarrafe zuwa kujerar, sannan juyowa daga kwance zuwa gefe, a dogara da gwiwar hannu a ɗago. Ina tsaye a bayanta, hannuna kusa da ƙugunta ban taɓa ba. Na ga yatsun ƙafarta suna laluben darduma, zanin ya harɗe mata, ta tsaya ta gyara ɗaurin, ta ce "Bismillahi," cinyar tana rawa, ta tashi. Ta zauna tana haki, ta ce kada in kuskura in gaya wa Goggo an sa ta rarrafe. Daga ranar take sa dogon wando a ƙarƙashin zani in za a yi atisaye, kuma da shi za ta tafi.

Ƙanena ya saka mata manhajar ƙidayar taku a waya, ya ce sai ta yi 10,000 kullum. Na ce ya bar tsohuwa ta huta da wannan lamba. Asalinta tallar wata na'urar ƙidayar taku ce a Japan a 1965. Binciken da aka yi a Amurka a 2019 kan mata tsofaffi, tsaka-tsakin shekarunsu 72, sa'o'in Inna ke nan, ya nuna masu taku kusan 4,400 a rana mutuwa ta yi ƙaranci a cikinsu fiye da masu 2,700, kuma ribar tana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ta daidaita. Balle ma wayar kullum tana kan taga.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata. Likitanta ya amince ta yi, ya mayar da maganin lokacin sahur. Fitar rana mun ajiye ta gaba ɗaya. Tashi-zauna da ɗaga dunduniya bayan an sha ruwa an ɗan huta, tattaki kuma zuwa masallacin tarawihi da dawowa, ita da maƙwabciyarta da ta shigo cikin shirin ba tare da kowa ya gayyace ta ba. Tafiyar da aka yi ta lallashi a Disamba, yanzu ita take aiko yaro ya ce in fito an kusa tayarwa.

Raka'a biyun farko a tsaye take yi, ruku'u sosai, sujada ce har yanzu take komawa kujera. Ba ni na sa ta ba, kuma ban yi magana ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Gardama ta tashi a kan keken guragu. Yaya ya bugo ya ce tunda a Harami ana hayar keke da masu turawa, har da ƙananan motocin lantarki, wahalar me ake ba ta? Inna kuma da ta ji, ta rantse ba mai tura ta a keke a gaban Ɗakin Allah. Duka biyun ban bi su ba. A wurin bita malamin ya kawo cewa Ummu Salama ta yi rashin lafiya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane, kuma mai rauni yana iya wakilta wani ya yi masa jifa. Ba abin kunya ba ne. Amma keke ba ya shiga banɗakin Mina, ba ya hawa matakalar bas, ba ya ɗaga mutum daga katifa. Kuma Hajji kwana nawa ne? Za ta dawo gida, in sha Allahu, da waɗannan ƙafafun za ta ci gaba da zama.

Abin da muka tsayar: ɗawafin Umra da ƙafarta, da daddare. Sa'ayi ta fara da ƙafa, in ta gaji a ɗauki keke. Jifa ni zan yi mata. Kuɗin keke na ware shi daban a cikin guzuri. Ta ce ta ji, amma yadda ta faɗa ɗin na san za a sake zama.

Asabar, 19 ga Afrilu

Bayan sallah mun koma sashen gashi aka sake gwajin kujera: sau 9 cikin daƙiƙa 30, hannu a ƙirji har ƙarshe. Saura ɗaya ta kai ma'aunin sa'o'inta. Tattaki tana yin minti 25 ba zama, bayan asuba, don zafin bazara ya haura 40 da rana. Wannan bai kai sa'ayi ɗaya ba tukuna. A saurinta sa'ayi zai ci fiye da awa guda, sai dai akwai wurin tsayawa a sha zamzam. Tashi daga ƙasa tana yi in akwai kujera ko bango. Ba abin dafawa, ba ta iyawa, kuma likitar ta ce kada mu matsa, a nemi kujera mai naɗewa mara nauyi a tafi da ita. Tsuguno har ƙasa gwiwar dama ta ƙi, mun bar shi.

Kambas ya fito daga ƙarƙashin gado, albarkacin maƙwabciyar da ta sayi irinsa. Dole ta saba da shi tun yanzu, sabon takalmi a Mina kanta ce da ƙuna. Saura safa mai roba a tafi saboda santsin dutsen Harami, da lema, da koya mata kurɓar ruwa ko ba ta jin ƙishi, don har yanzu rage sha take yi wai kada fitsari ya dame ta a hanya. Wannan ɗabi'ar ta fi komai ba ni tsoro a Arfa. An ce a watan gobe za a fara jigila. Ranar Talata allurar rigakafi da gwajin lafiya na maniyyata, daga nan sai mu gwada fita biyu a rana, safe da bayan la'asar, mu ga abin da gwiwar za ta ce.